Amfani da Wutar Lantarki Wajen Hana Ƙwayoyin Cuta Zama a Kan Kayan da Ake Dasawa a Jikin Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Likitocin zamani sun ƙware wajen dasa wa majinyaci abin da ba a haife shi da shi ba, alal misali ƙarfen ɗaurin karaya, da gaɓar ƙugu ko ta gwiwa, da bututun fitsari. Sai dai kuma a cikin kowane mutum 100 da aka sauya wa ƙugu ko gwiwa, akan sami ɗaya ko biyu da ƙwayoyin cuta za su kama wurin. In haka ta auku, sau da yawa magani ba ya wadatarwa, tilas a sake tsaga majinyaci a fid da ƙarfen, ya yi makonni yana karɓar magani, sa'an nan a dasa masa wani. Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilin wannan taurin kai na ƙwayoyin cuta, da kuma yadda 'yar wutar lantarki kan karya shi.

2.0 Tushen Matsala

A 1957 masana biyu a Ingila, Elek da Conen, sun nuna cewa sai an zuba ƙwayoyin Staphylococcus fiye da miliyan ɗaya a fatar mutum kafin maruru ya fito, amma in akwai zaren ɗinki na siliki a wurin, kimanin 100 sun isa. Ke nan baƙon abu a cikin jiki mafaka ne ga cuta.

A 1978 William Costerton na Jami'ar Kalgari ta Kanada da abokan aikinsa suka bayyana yadda abin yake. Ƙwayar cuta in ta sami wurin maƙalewa takan hayayyafa, jama'arta su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, kamar santsin da kan lulluɓe cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. A wannan takarda za mu kira shi rigar yauƙi. Fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki, ba su iya gamawa da abin da ke cikinta. Bugu da ƙari, ƙwayoyin da ke can ƙasa sukan lafa kamar masu barci, alhali yawancin magunguna mai motsi da girma suke kashewa. Saboda haka maganin da zai kashe su kan ninka wanda ke kashe 'yan'uwansu masu yawo a ruwa, wani lokaci har sau 1,000, abin da jikin majinyaci ba zai ɗauka ba.

3.0 Yadda Lantarki ke Aiki

Tunda yake a fuskar ƙarfe cutar take, shi kuwa ƙarfe yana ɗaukar lantarki, sai masana suka ga dacewar a mai da shi kansa ƙarfen makami. Wutar da ake nufi ba irin ta gida ba ce. Da maikiro'amfiya ake auna ta, watau kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya, alhali cajar wayar hannu kan ba da amfiya ɗaya ko fiye. Aikinta ya kasu uku.

Na farko, kora. Fatar yawancin ƙwayoyin cuta tana ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar ɗebewa. In aka haɗa ƙarfen da wannan kai, sai jinsi ya ture jinsi, maƙalewa ta yi wuya.

Na biyu, haɗa guba a wurin. Ruwan jiki yana da gishiri. A kai mai alamar tarawa, wuta kan fid da kulorin daga gishirin, irin wanda ake tsabtace ruwan famfo da shi. A kai mai alamar ɗebewa kuwa, ruwan da ke manne da ƙarfe kan koma kamar ruwan toka, kuma ƙananan kumfa na iskar haidurojin su taso su ɗaga rigar yauƙin.

Na uku, ƙara wa magani kaifi. A 1992 da 1994 ƙungiyar Costerton ta nuna cewa maganin da ya gaza shi kaɗai yakan ci ƙarfin rigar yauƙi in an haɗa shi da 'yar wuta.

4.0 Shaidar Gwaji

A 2007 masana na Groningen ta ƙasar Holan suka soka wa awaki ƙusoshin ɗaurin ƙashi, suka sa musu ƙwayoyin cuta. Bayan kwana 21, kashi 89 cikin ɗari na ƙusoshin da ba a ba wuta ba sun kamu, amma cikin waɗanda aka ba maikiro'amfiya 100, kashi 11 kurum suka kamu. A 2009 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka gwada maikiro'amfiya 200 a ƙashin ƙafar zomaye na kwana 21, wutar kuwa ta fi maganin doxycycline rage ƙwayoyin cuta. Har ila yau, a 2015 masana na Jami'ar Buffalo sun ba ƙarfen taitaniyam da ke jikin ɓeraye bolt 1.8 ta kai mai alamar ɗebewa na sa'a ɗaya, ƙwayoyin da ke kansa suka ragu ƙwarai.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne a yi hattara, domin kowane allazi da nasa amanu. Gubar da ke kashe cuta tana iya ƙona naman da ke kewaye in wuta ta yi yawa, kuma ƙarfen da aka haɗa da kai mai alamar tarawa yakan zaizaye ya saki ɓurɓushinsa cikin jiki. Wayar da za ta ratsa fata ta kai wuta ita ma ƙofa ce ga cuta. Don haka yawancin shaidar da ke hannu daga ɗakin gwaji da dabbobi take, wannan dabara ba ta zama aikin yau da kullum a asibitoci ba tukuna, kuma ba ta ɗauke wa kowa tsabtar ɗakin tiyata ba. Aikin da ya rage wa masana shi ne gano ma'aunin da zai kashe cuta ya bar nama da ƙarfe lafiya, domin majinyaci ya tsira daga wuƙar likita karo na biyu.