Dakwaro: ciwon da ake ɗauka ƙyuya ce

A Dakwaro, arewa da Maraɗi, idan saurayi ya bar gona da damina, ya wuni zaune ko wanka ba ya yi, da wuya dangi su ce ciwo ne. Sai a ce ƙyuya, ko sammu.

Alhali a taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofareniya, mutuwar zuciya alama ce ta ciwon, daidai da jin muryoyi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 24.

Magungunansa, tun daga na farko da aka gwada a Faransa a 1952, suna kwantar da muryoyi, amma ba su cika maido da himma ba. Wasu ma kasala suke ƙarawa. Nan dangi ke ruɗewa. An kai shi har babban asibitin Yamai, ya dawo garau a ido, amma ya kasa ɗaukar hauya. Sai faɗa, sai a tsai da magani, ciwo ya taso.

Ƙaramin aiki mai ƙayyadadden lokaci ya fi tsawa amfani: shayar da awaki da safe, ko tsaron shago awa ɗaya tare da ɗan'uwa.