Lambar da ke gindin ƙullin zare

Bara, gab da hunturu, wata tela da ke sayen zare a shagona nan Ngueli ta dawo min da zanen gado mai soso a hannu, ranta a ɓace. Na kayan ɗakin amarya ne. Wanki biyu kawai aka yi masa, ɗinkin ya fara tsinkewa layi-layi, soso ya tattaru gefe guda. Ta ce, "Alhaji, zarenka ne." Na duba, gaskiyarta. Ni na miƙa mata 40/2 ban tambayi aikin da za ta yi ba.

To, 'yan'uwa masu ɗauko zare daga Kantin Kwari ko ku tsallaka gada zuwa Kusuri ku saro, ku riƙa duba lambar nan. Lissafinta a juye yake: in lamba ta hau, zare ya sirance. Wato 40 ya fi 20 siriri. Lamba ta biyu kuwa yawan silin da aka murɗa ne. Zaren 40/2 na riga ne da atamfa. Amma inda aka haɗa yadi sama, soso ko auduga a tsakiya, wani yadin a ƙasa, kuma mutum zai kwanta a kai yana juyi, ni 20/2 nake ba wa mutane. Shi 20/3 sai buhun katifa da tamfol, kuma keken gida irin Butterfly yakan sha wahala da shi.

Zare mai kauri na son allura mai faɗin ido, lamba 16 ko 18. In ka bar 14, zai yi ta gogar ido yana gashi har ya katse, kai kuma ka ɗora wa keke laifi. A ƙara tsawon taku, a ɗan sassauta ɗaurin sama. Na kwarkwaro kuma ya zama jinsi ɗaya da na sama.

Batun auduga da roba fa? Mu a Chadi, ƙasar auduga, zuciya na karkata ga namu. Yana da laushi, yana jure dutsen guga. Sai dai yana tara ƙura a ƙoshiya, kuma wanda ya daɗe a shago cikin zafin Afirilu na Injamena yakan yi rauni. Don bargon da za a riƙa wankewa ana shanyawa, na roba, wato poliyesta, ya fi ƙarko. In ka yi shakkar wanne ke hannunka, kunna masa ashana: auduga toka take yi, roba narkewa yake ya dunƙule.

Ita telar, na ba ta ƙulli biyu na 20/2 kyauta, ta warware ta sake ɗinki. Kwana uku ya ci mata, ni kuma har yau in ta shigo sai ta karanta gindin ƙulli da kanta kafin ta biya.