Daga Kakuri Zuwa Bakin Kogi: Ruwan da Lambunanmu Ke Sha

Tafiyar ba ta da nisa. Ka fito da sassafe a watan Janairu, lokacin da hazo bai gama washewa ba, ka bi lambatun da ya ratso Kakuri da Makera har inda yake zubewa a Kogin Kaduna ta wajen Nasarawa. Da farko bayan katangun masana'antu za ka bi, da leda da robobin da suka toshe kwalbati. Can gaba sai gari ya ja da baya, ka tsinci kanka kamar a ƙauye: fangalin alayyafo da latas da kabeji shar da su, ƙaramin injin ban ruwa na ta ƙugi, wani dattijo ya naɗe wando zuwa gwiwa yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya.

Ruwan nan shi ne abin dubawa. Baƙi ne, yana da kauri, wani wurin har da kumfa.

Tarihinsa na tare da tarihin unguwar. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sannan Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, Kaduna ta zama cibiyar saƙa a Arewa. Shekara da shekaru ruwan rini da na wanke yadi ta magudanan wannan yanki yake bi zuwa kogi. KTL ta rufe a 2002, yawancin masaƙun sun yi shiru, amma laka ba ta mantuwa. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyum da kuromiyum ba sa ruɓewa kamar taki. Kwanciya suke yi a ƙasan lambatu, ambaliyar damina ta kwaso su ta shimfiɗa a fadama. Yau kuma ga baƙin man kanikawa, ga ruwan tsohon batir, ga dagwalon gidaje.

Manomi yana da hujjarsa, kuma ina ganin girmanta. Ruwan lambatu ba ya ƙafewa da rani, kyauta ne, ƙazantar gidajen da ke cikinsa kuma tana aiki kamar taki, ganye ya fito kore shar. Matsalar ita ce kayan ganye sun fi hatsi zuƙar kadmiyum ta saiwa. Ƙwayoyin cuta, wankewa da dahuwa suna rage su ƙwarai. Ƙarfen da ya shiga jikin ganye kuwa, ko an tafasa yana nan. Kadmiyum a hankali yake cin ƙoda. Dalma kuma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, da yawan da ya fi na lambu nesa ba kusa ba.

Ban yarda a kori kowa daga bakin ruwa ba. Abincin iyalai ne. Abin da nake roƙo shi ne hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ta riƙa auna ƙasa da ganye kowane rani, ta faɗa wa manoma sakamakon da Hausa, fili da fili. Inda ƙasa ta gurɓace a koma shuka furanni da dashen itatuwa na sayarwa, inda take da lafiya a taimaka da rijiyoyin ban ruwa.

Kafin in juyo, na tarar da mata sun cika buhuna da alayyafo, suna jiran keken da zai kai su kasuwar Kakuri.