Ishara a Cikin Waƙa da Aikin Mai Sharhi

Akwai wani abu cikin waƙoƙin malamanmu na dā wanda ya kan wuce mai karatu bai ko sani ba, watau ishara. Mawallafi ba ya faɗin labari duka. Kalma biyu ko uku ya kan jefa, ya bar wa mai ilmi ya cike sauran. In ya ce abokin kogo, Sayyidina Abubakar ya ke nufi, da ɓuyan da suka yi tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hanyar Hijira. In ya ce ma'abucin kifi, Annabi Yunusa ke nan. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuyan su ne suka sa malamai suka tashi yin sharhi.

Ku ɗauki Ishiriniya, wadda a ke rerawa a unguwarmu ta Manawashi, nan Gombe, duk watan Mauludi. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta, kowane harafi na Larabci da baiti ashirin. Daga baya Ibnu Mahib ya yi mata tahamisi, watau ya ɗora wa kowane baiti ɗango uku a sama har ya zama biyar. Masu hardace ta suna da yawa, amma na lura in ka tsai da mutum a kan baiti guda ka tambaye shi wace mu'ujiza a ke nufi a nan, sau da yawa sai ya ce haka dai aka biya masa. Wannan matsala ba ta yau ba ce, gama tun kafin jihadi Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya zauna ya rubuta mata sharhi domin ya warware lafuzzanta. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa bai jira wani ba. A 1813 ya tara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati, ya bayyana da kansa abin da ya sa ya yi kowacce.

Kada a zaci mu kaɗai mu ke da wannan. A zamanin Alfazazi ɗin nan akwai wani mashahurin mawaƙi a ƙasar Japan, Fujiwara no Teika, wanda ya rasu a 1241. Waƙarsu gajera ce ƙwarai, gaɓa 31 tak, saboda haka mawaƙi ya kan aro 'yan kalmomi daga tsohuwar waƙa domin mai sauraro ya ji biyun a lokaci ɗaya. Teika ya yi wa aron ƙa'ida: kada ya yi yawa, kada kuma a ɗauko daga mawaƙan kwanan nan. Daga baya bayanin waɗansu baitoci ya zama asiri, malami ba ya ba kowa sai zaɓaɓɓen almajiri. Wanda ya yi karatun zaure ba zai yi mamakin wannan ba.

Isharar da ta fi kā da ɗalibai, a ganina, ita ce ramzi. A ƙarshen waƙa, ta Hausa ko ta Fulatanci ko ta Larabci, mawallafi ya kan sa wata kalma wadda sau da yawa ba ta da ma'ana, haruffanta ne ke ba da shekarar Hijira. Kowane harafi da lissafinsa. To, ga inda gizo ke saƙa: lissafin iri biyu ne. Malamanmu na Magaribi su ke bi, inda shin ta ke 1000. A lissafin Gabas, wanda ya ke cikin yawancin littattafan da a ke bugowa daga Masar, shin 300 ce. A ce ramzi ya haɗa shin da ra da ya da ɗa. A wurinmu 1000 da 200 da 10 da 9, watau 1219, shekarar yaƙin Tafkin Kwatto, 1804 ke nan ta Miladiyya. Wanda ya bi na Gabas zai sami 519, ya mai da waƙar baya da shekara 700, ya kuwa koya wa yara haka da zuciya ɗaya.

Saboda haka in za ku rubuta wa 'yan aji bayanin waƙa, ku raba abin da kuka samu a littafi, da wanda wani malami ya gaya muku da baki, da wanda ku kuka zata, kowanne a faɗi irinsa. Na bakin nan shi ya fi gaggawa, musamman a waƙoƙin Fulatanci na wannan ƙasa ta Buba Yero, domin sunan wani rafi ko wani tsohon gari da ke cikin baiti ba za ku same shi a ƙamus ba, sai a wurin dattijon da aka biya wa waƙar yana yaro.