Bronwyn Bishop: Kakakin Majalisar da Dala 5,227 Ta Kayar

Daga Melbourne zuwa Geelong tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a mota, kan titi lafiyayye. A Nuwamban 2014 Kakakin Majalisar Wakilan Ostireliya, Bronwyn Bishop, ta ga motar ba ta yi mata ba, ta ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu, aka caji baitulmali dala 5,227 kuɗin ƙasar. Da a ce aikin majalisa ya kai ta, da sauƙi. Taron tara wa jam'iyyarta ta Liberal kuɗi ta je.

Ba sabuwar yanka rake ba ce. Tun 1987 ta shiga Majalisar Dattawa daga jihar New South Wales, inda ta yi suna wajen titsiye manyan ma'aikatan gwamnati a zaman kwamiti. Shugaban hukumar haraji Trevor Boucher ya ɗanɗana a 1992. Daga 1994 ta wakilci mazaɓar Mackellar a Majalisar Wakilai, ta riƙe muƙamin minista a gwamnatin John Howard, sannan Firayim Minista Tony Abbott ya ɗora ta kan kujerar Kakaki a 2013. A nan ta kori 'yan majalisa daga zaure sau kusan 400, kusan dukkansu 'yan adawa na jam'iyyar Labor.

Saboda haka da asiri ya tonu a Yulin 2015, ba ta da mai kare ta a ɗaya ɓangaren. Ta mayar da kuɗin har da tarar kashi 25 cikin ɗari, amma neman gafara ya gagare ta har kusan mako biyu. A ganina taurin kan nan ne ya ci ta, don kuɗin bai taka kara ya karya ba. Kowace rana ta yi shiru sai jaridu su ƙara tono: tafiyarta Turai da ta laƙume kimanin dala 88,000 tana neman shugabancin Ƙungiyar Majalisun Duniya (ba ta ma samu ba), sai kuɗin zuwa bukukuwan auren abokan siyasa.

Ranar 2 ga Agusta ta ajiye muƙamin. A Afrilun 2016 'yan jam'iyyarta a Mackellar suka ba Jason Falinski tikitin takara, shekara 29 bayan shigarta majalisa.