Girgizar Ƙasa Da Dukiyar 'Yan Kasuwar Yola Da Jimeta

YOLA: Jama'a da dama sun ɗauka cewa girgizar ƙasa bala'i ne na Japan ko Turkiyya. Amma masana ilmin ƙasa sun sanya Yola cikin jerin garuruwan Nijeriya da suka taɓa jin motsin ƙasa, a watan Disamba na 1984, zamanin Jihar Gongola, da kuma a 2005. Duka biyun ba su yi ƙarfi ba.

Masanan suna danganta lamarin da jerin duwatsu masu aman wuta da ya ratsa Kamaru ya biyo iyakar Adamawa. A kan wannan jeri ne Tafkin Nyos yake, wanda iskar da ta fito daga cikinsa ta hallaka mutum fiye da 1,700 a watan Agusta na 1986. Haka kuma girgizar da ta afka wa arewacin Gini a Disamba 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane, alamar cewa Afirka ta Yamma ba ta tsira ba.

Girgiza matsakaiciya ba ta cika rushe gini mai inganci ba. Wanda aka yi wa ƙwauron siminti da rodi shi take kayarwa. Tsadar kayan gini kuwa ita ke sa wasu magina rage su, ga benaye da rumbunan ajiya suna ta ƙaruwa a Jimeta. Ƙasar bakin Kogin Binuwai mai yashi da laka ce, irin wadda ke ƙara wa girgiza ƙarfi. In gadar Jimeta ta tsage, kayan da ke zuwa Mubi da arewacin jihar za su tsaya, farashi ya hau.

Tun 2003 dokar inshora ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, har da benayen da ake kan ginawa. Sai dai inshorar gobara zalla ba ta biyan asarar girgizar ƙasa; dole a nemi a rubuta ta cikin yarjejeniya. Ɗan kasuwar da ya jinginar da shagonsa a banki, ginin ya faɗi, bashin yana nan a wuyansa.

Saboda haka mai shirin gini ya nemi injiniya mai rajista, a gwada ƙasar filin kafin a haƙa harsashi. Mai shago kuma ya sake duba takardar inshorarsa tun yau, domin rigakafi ya fi magani.