Sauya Wa Tsohuwar Mota Inji: Abin Lura Kafin Ɗan Kasuwa Ya Zuba Jarinsa

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin kogin Rahad, tun daga Fawu zuwa nan Mafaza har Hawata, ya san cewa da zarar damina ta ɗauke, laka ta bushe, to sai hayaniya ta koma garejin kanikawa. Kowa so yake motarsa ta tashi kafin a fara kwasar riɗi da dawa zuwa Gadarif, ko kuma a nausa Gallabat idan iyakar Habasha tana buɗe. A irin wannan lokaci ne masu tsofaffin akori-kura ƙirar Toyota Hilux, waɗanda a nan Sudan ake kira boksi, suke yawan yi mana tambaya guda: shin a sake gyara tsohon inji mai kafireta, ko kuwa a cire shi a ɗora na zamani mai injekta da ƙwaƙwalwa?

Tambayar tana da nauyi, domin kuwa ga mafi yawan 'yan kasuwarmu motar nan ita ce rabin jari. Tun da gwamnati ta janye tallafin mai a watan Yunin 2021 kowace lita ta zama abin lissafi. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kuma ya tsayar da matatar mai ta Jaili, ya wargaza kasuwannin kayan gyara na Khartum, sannan Wad Madani, inda kanikawanmu suka saba zuwa neman kaya, ta fita daga hannun sojoji daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. Wanda ya yi kuskuren zaɓi yana iya rasa kaka guda cur.

Gadon Sifinja

Yi wa tsohuwar mota sabon rai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 1958 ne kamfanin Bedford na Ingila ya fito da babbar motarsa samfurin TJ, wadda 'yan Sudan suka raɗa wa suna Sifinja, wato silifas ɗin soso, saboda laushin tafiyarta. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a 1986, amma Sifinja ba ta bar hanya ba. Maƙera da kanikawa a garuruwa irin su Shandi da El-Obeid suka riƙa ƙarfafa shasinta, suna ƙara mata sifirin, suna gina mata bodin ƙarfe, har ta kai tana ɗaukar kayan da Turawan da suka zana ta ba su taɓa tsammani ba. Aikin ya burge masana, har Farfesa Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth ta Jamus ya yi rubuce-rubuce a kansa, aka kuma yi fim a kan motar a 2009.

To, amma sirrin wannan nasara shi ne, duk abin da aka sa wa Sifinja abu ne da usta zai iya kwancewa da sifana a ƙarƙashin bishiya, ya gani da idonsa, ya gyara da hannunsa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane inji: idan ya tsaya tsakanin Mafaza da Hawata, rana tsaka, buhunan albasa a baya, wa zai tashe shi, kuma da me?

Bambancin injunan biyu

A tsohon inji, kamar 12R da 18R da 22R na Toyota, iskar da inji ke zuƙa ita ce ke janyo fetur daga kafireta, ƙaramin famfo da injin ke kaɗawa da kansa kuma yana kawo man daga tanki. Idan datti ya toshe, a kwance, a wanke, a hura, a mayar. A inji mai injekta kuwa, kamar 22R-E ko 3RZ-FE mai lita 2.7, famfon lantarki ne ke tura mai da ƙarfin da ya ninka na kafireta wajen sau goma, har ya ɗara iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Daga nan wata 'yar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa, take karɓar labari daga na'urori masu auna yawan iska da zafin ruwa da juyawar inji da hayaƙin salansa, sai ta yanke yawan man da kowane nozul zai fesa.

Ko shakka babu wannan tsari yana da alfanu. Mota tana tashi da bugu ɗaya ko da sanyin asuba, ba ta shan mai kamar kafiretar da ta gaji, fulogi ba ya yawan yin baƙi, kuma ga mai hawa tsaunukan Habasha zuwa Gondar, wadda tudunta ya haura mita 2,000, ƙwaƙwalwa tana rage mai da kanta yayin da iska ta ragu. Wannan ne ya sa hankalin mutane ya karkata ga injunan kwance da aka riƙa shigowa da su daga Japan ta Sharja zuwa Port Sudan, kamar yadda 'yan'uwanmu na Kano ke samun nasu a Ƙofar Ruwa.

Inda ake faɗawa rami

Mun sha ganin wanda ya sayo inji tsirara saboda araha, ya ɗora a mota, sannan aka gano an datse wayoyinsa da almakashi tun a can inda aka ciro shi, babu ƙwaƙwalwa, babu ma'aunin iska. Araha dai ba ta ado. Irin wannan inji sai an saye shi da danginsa: ƙwaƙwalwarsa ta asali, damin wayoyinsa cikakke, na'urorinsa duka, in kuma sabon samfuri ne mai makullin tsaro, har da makullin da akwatinsa, domin idan babu su ko tari motar ba za ta yi ba. Shi ya sa gogaggun kanikawa suka fi son a sayo rabin mota na gaba sukutum, a riƙa cirowa ana mayarwa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan haka akwai aikin tanki. Dole a wanke shi tas ko a sauya, a sa famfon lantarki, a sa tiyo mai jure ƙarfi, a ja bututun da zai mayar da rarar mai in tsarin injin yana buƙata. Tiyon kafireta idan aka bar shi yana iya fashewa a kan inji mai zafi, Allah Ya kiyashe mu da gobara. Sai a duba ƙafafun inji, da haɗuwarsa da giya da kuloci, da girman lagireto. Ƙwaƙwalwa kuwa a ɗaure ta can sama a cikin mota, inda ruwan kwari ba zai kai ba lokacin damina.

Bugu da ƙari, inji na kwance ba sabo ba ne. Kafin a biya, a auna matsin kowace silinda, a buɗe murfi a ga ko baƙin mai ya daskare. In da hali a sauya gaskit da silin mai da famfon ruwa tun yana ƙasa, don ya fi sauƙi da a sake sauke shi bayan wata biyu.

Halin direba ma sai ya sauya

Babban abokin gabar injekta shi ne man jarka. Ruwa da tsatsa da ƙurar da kafireta ke haɗiyewa ta yi tari ta wuce, su ne ke toshe nozul. Haka kuma al'adar nan ta zuba galan ɗaya a yi ta jan mota da tanki a bushe tana kashe famfo, saboda man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Batir idan ya mutu murus, turi ba ya tayar da motar, tunda famfo da ƙwaƙwalwa duka wuta suke jira. Mai walda kuma idan ya kama aiki a jikin mota ba a cire kan batir da ƙwaƙwalwa ba, ko yaron mota ya juya wayoyin jona batir, to ana iya ƙona ta nan take. Matatar mai da ta iska su zama cikin guzurin tafiya, musamman lokacin guguwar ƙura.

Akwai kuma hanya ta uku da wasu ke bi, wato injin gas mai famfon ƙarfe, kamar 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3. Shi ma fesa mai yake yi, amma babu kwamfuta a ciki, ga shi yankinmu na noman tarakta ne, masu gyaran famfon gas ba su yi ƙaranci a Gadarif ba. Sai dai ya fi nauyi, yana son babban batir, kuma a tabbatar an haɗa famfon da ke ba birki iska, in ba haka ba birki zai yi tauri da kaya a baya. Kada a rikita shi da sababbin injunan gas masu ƙwaƙwalwa irin su 2KD, waɗanda ɗan ruwa kaɗan a mai ke jawo wa asara mai yawa.

Shawararmu

Wanda zirga-zirgarsa kan kwalta take, tsakanin Fawu da Gadarif da Gallabat, yana shan mai a gidan mai, kuma ya san mai lantarkin da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwa, to injekta za ta iya mayar masa da kuɗinsa. Wanda kuwa kasuwannin ƙauye yake bi, hanyar laka da man jarka, gara ya sauke tsohon injinsa a yi masa ringi da metal da bawul, ko ya koma gas mai famfon ƙarfe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga ƙarshe, kowane inji aka ɗora, a karɓi rasiɗi da takardar kwastan daga mai sayarwa, a je ofishin 'yan sandan kula da hanya a gyara lambar inji a takardun mota. Lambar da ta saɓa wa takarda tana iya kwanar da mota da kayanta a shingen bincike, musamman a bakin iyaka. Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya, amin.